Tikitin Alhaji Haruna Zuwa Komoros

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku, wannan mai sabon shago da gilashi har ƙasa, ya tsaya a ƙofata yana kaɗa makullin mota, ya ce mini wai sana'armu ta mutu. Wai yanzu ko mai sayar da rake zai iya yankar wa kansa tikitin jirgi a waya yana zaune a kan benci. Ban musa masa ba, ai gaskiya ya faɗa. Ni ma zan iya sayen aska in yi wa kaina aski, sai dai ranar ba zan cire hula a gaban mutane ba. Tunda kun taru kuna son jin yadda muka yi aikin nan a da, don ku samu abin dariya in kun koma shagunanku, to ku gyara zama. Sunana Isiyaku, Malam Isiya ake ce mini, kuma tun kafin a yi auren iyayen wasunku nake tura mutanen Funtua ƙasashen waje ina dawo da su.

Aikin farko da aka ba ni a ofishin maigidana, marigayi Alhaji Nadabo, shi ne shara. Na biyu sayo shayi. Wata huɗu na yi a haka, da takardar sakandare a aljihuna, kafin ya yarda in ɗaga mayafin tafireta. Ku da kuke kama shago ranar Litinin, ranar Laraba ku buga allo ku kira kanku manajan darakta, ba za ku gane wannan ba. Tikiti a lokacin ɗan littafi ne mai shafuka, kowane shafi da jan kabon a bayansa. Da biro ake cika shi, a danne sosai don rubutun ya ratsa har shafin ƙarshe. Ka kuskure lamba ɗaya, littafin ya lalace gaba ɗaya, kuma sai ka je Kano ka yi wa mutanen kamfanin jirgi bayani da bakinka. Sau ɗaya na yi wannan tafiyar, a bayan motar auduga, ban ƙara kuskure irinsa ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tafireta, hatimi, littafin lokutan jirage mai kaurin bulo, sai wata taswirar duniya a bango da ta dafe don tsufa. In kana neman kujera ɗaya a jirgi, sai ka je gidan waya ka bi layi, ka yi ta ihu a tarho kamar mai kiran wani a hayin rafi. A cikin kayan nan duka, taswirar ce maigida ya fi ji da ita. Na tuna wani malamin makaranta daga Ƙarfi, Malam Yohanna, da cocinsu ta tura kwas can kudancin Afirka a watan Yuni. Na gama masa komai ina washe baki, sai maigida ya ce, "Mi ka ce mashi ya sa a jaka?" Na ce kayan shan iska mana, ai zafi ake yi. Ya kama kunnena, da girmana, ya ja ni gaban taswira, ya ɗora yatsa a kan layin nan da ya raba duniya biyu. Ya ce, "Daga nan in ka gangara ƙasa, komai a juye yake. Kana zufa a Funtua, su suna rawar ɗari. Kana rani, su suna damina. Wuce kasuwa ka nemo mashi rigar sanyi." Haka na zaga 'yan gwanjo kaf ina cigiyar rigar sanyi a watan da kowa ke fifita, suna yi mini kallon wanda ya taɓu.

Masu zuwa wurinmu kuwa sanannu ne: mai zuwa Umra, mai zuwa asibiti, ɗan kasuwa mai sarin kaya, sai ɗalibi. Mutumin ƙasar nan ba ya hawa jirgi sai da dalilin da zai iya faɗa a majalisa ba a kalli juna ba. Ban taɓa ganin manomi ya shigo ya ce zai je ya zauna a bakin ruwa ya kalli ruwa ba. In ya ce zai huta, gindin darbejiyar ƙofar gidansa yake nufi, rediyo a kunne, ido a kan hanyar gona. Kuma kowa da irin halinsa. Akwai tsohuwar da sai na zazzage jakarta na cire man shanu da daddawa tana tsine mini. Akwai wanda zai zo ana gobe tafiya da fasfon da ya mutu tun bara, ya ce ai har yanzu hotonsa ne a ciki. Ku tambayi wayar taku ko tana zazzage jaka, ko tana jure tsinuwar tsohuwa.

Na san kuna jira in ce shekarar annoba ce mummunar shekarata, lokacin da jirage suka kwanta. A'a. Wannan ta shafi kowa. Na rufe ofis na koma gonar gado na noma waken suya, ban mutu ba. Mummunar shekarata daga baya ta zo, kuma a cikinta ko kwabo ban yi asara ba. Aikin Alhaji Haruna na Mahuta ne.

Alhaji Haruna babban manomi ne, mai masara da dawa, irin waɗanda in sun kai kaya kasuwar Dandume sai farashi ya motsa. Duk tafiyar da ya taɓa yi a jirgi ta hannuna ta bi. Bai yi boko ba, kuma bai damu ba. Ya ajiye takarda a gabana ya ce, "Isiya, ka duba?" In na ce na duba, ko bangon duniya ne zai tafi. Da kakar waccan shekarar ya faɗi a cikin sito ana tsakar jera buhuna. Aka kai shi Zariya, Allah ya sa ya tashi da ƙafafunsa, amma likita ya ce hawan jini ne, kuma wannan gargaɗi ne kawai. Ya ce damina mai zuwa a raba shi da gona, ko da na 'yan makonni ne a tsakiyar aiki, domin in ya sake yinin rana yana faɗa da 'yan ƙwadago, faɗuwa ta biyu ba za ta zo da sauƙi ba. To duk wanda ya san Alhaji ya san muddin yana Mahuta ba mai hana shi gona. Ka ɓoye makullin babur, ya tafi a ƙasa. Sai dai a sa teku tsakaninsa da masararsa.

Ɗansa na fari, Bashir, injiniya ne a Abuja, shi ya ɗauki nauyin abin. Sai kun san yadda gidan yake za ku gane sauran labarin. Alhaji mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari yadda iyayenmu suke yi. Bai taɓa kiran sunan Bashir ba, "mutumin Abuja" yake ce masa. Ba su taɓa zama a tabarma ɗaya sun yi shawara ba, gaisuwa ce daga nesa, uban na kallon wani gefe. Uwar, Hajiya Rabi, ta ma fi uban kunya. Duk saƙon da zai wuce tsakaninsu sai ta bakin wani. Saboda haka da Bashir ya shirya wa iyayensa tafiyar hutu, ba zama aka yi ba, aike ya yi. Shi kuma Alhaji ya aika da amsa ɗaya, ya ce ba inda za shi sai Isiya ya duba.

Gaskiya zaɓin yaron bai yi laifi ba. Komoros ya zaɓa, 'yan tsibirai ne a tekun gabashin Afirka, ƙasar Musulmi, ga masallatai, ga nama ba sai ka tambayi wa ya yanka ba. Akwai dutse mai aman wuta a tsakiyar babban tsibirin, ga baƙaƙen duwatsu har bakin ruwa, ga farin yashi. Da ni aka ce in zaɓa wa tsoho da tsohuwa wurin hutawa, da wuya in wuce nan.

Ya shigo ofishina wata Asabar a watan Disamba, da abin sauraro maƙale a kunne ɗaya, bai cire ba har muka gama gaisawa. Akwai mutum biyu zaune suna jiran bizar Umra. Ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, ba wani aiki ba ne. Na riga na gama komai. Alhaji ne dai ya nace sai kun gani."

Na ce a buga mini a takarda, ni ba na karatu a jikin gilashi. Da aka bugo na sa tabarau na bi layi-layi, sai na ga aikin irin naku sak. Za su sauka a Addis Ababa su canza jirgi, ya bar musu abin da bai kai awa guda ba, tsoho mai tafiya a hankali wanda yana sauka wurin alwala zai fara nema. Bai nemi keken tura marasa lafiya ba. Katin allurar shawara ko labarinsa bai ji ba. Otal ɗin a jikin tudu yake, matakala kamar hasumiya. Har da hawan dutsen ya biya musu, tafiyar yini guda a ƙafa, ga mai hawan jini da matarsa mai ciwon gwiwa. Duk waɗannan masu gyaruwa ne. Sai idona ya kai kan ranar tashi, tsakiyar Janairu.

Na ce, "Injiniya, mi ya sa Janairu?"

Ya ce, "Ai lokacin an gama kaka, amfani ya shiga sito, ba shi da abin yi. Ga shi rani ne, ba ruwa ba laka."

Na ce, "Ranin wa?"

Ya dube ni kamar na yi masa yaren da bai sani ba. Na tashi na nuna masa a taswira, na ce ƙasar nan a ƙarƙashin layi take, Janairu tsakiyar daminarsu ce, ga zafi, ga iska, teku ba ta shiguwa. Na ce, "Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, likita cewa ya yi a raba shi da gona lokacin aiki. A Janairu wace gona za ka raba shi da ita? Kara?" Sannan na shimfiɗa masa yadda ake yi. A cikin Agusta, bayan an yi maimai, an zuba taki na biyu, an yi huɗa, masara ta fara goyo, akwai 'yan makonnin da manomi zai iya yarda ya ɗaga ƙafa in an iya lallashinsa. A daidai lokacin can rani ne, iska mai daɗi, kuma suna cirar kanumfari. Na ce, "Kar a ce mashi hutu. A ce zai je ganin yadda ake noman kanumfari a baƙar ƙasar gindin dutse. Ka ga ya samu abin faɗi a majalisa, kai kuma ka samu abin da likita yake so."

Sai ya yi dariya, ya juyo mini da wayar. "Baba, ga hotunan wurin nan. Ku dubi rana, ku dubi sama garau."

Na ce, "Wa ka taɓa gani ya ɗauki hoton ɗakinsa ranar da yake yoyo?"

Ya ce ai kuma na Janairu ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Na ce araha ba ta ado, ya tambayi kansa mi ya sa masu otal suka karya farashi a watan. Nan fa ransa ya ɓaci, don mutanen nan biyu sun fara murmushi. Ya tattara takardunsa ya ce, "Baba, mu bar zagaye-zagaye. So kuke in soke nawa in yanka a wurinku ku samu kamasho. Wannan zamanin ya wuce."

Ban taɓa jin magana ta ƙona ni irin wannan ba. A ofishina, a gaban baƙina, yaron da na san ranar sunansa ya ce mini maci amana. Ban ɗaga murya ba. Na ce ya zauna mu gyara abin da ya shafi takarda. Ya yarda aka tsawaita zaman Addis Ababa don ya ga lissafin da idonsa, aka soke hawan dutse, aka nemi keke, na rubuta masa inda za a kai su allura. Maganar ruwa kuwa ban sake tayar da ita ba. A raina na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Bayan kwana biyar sai ga Alhaji Haruna da kansa, ya biyo daga kasuwa, babbar riga duk ƙaiƙayi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya zauna, muka gaisa har kan shanu da jikoki. Sannan ya sassauta murya.

"Isiya, takardun mutumin Abuja, ka duba?"

Na ce, "Na duba, Alhaji."

"Lafiya lau?"

Na ce, "Takardu sun cika."

Ya yi ajiyar zuciya, ya gyara hula. Daɗi yake ji, amma ba zai faɗa ba, sai ya ɓige da faɗa. Wai ɓarnar kuɗi ce, wai yaran yanzu ba su san zafin nema ba, wai in mutane sun tambaye shi abin da za shi yi mi zai ce masu. Na ce ya ce ziyarar 'yan'uwa Musulmi. Ya ce wannan ta yi. Sannan ya ce, "To dutsen nan da aka ce yana aman wuta, ba zai tashi yi muna can ba?" Na ce ya kwantar da hankalinsa, ba kusa da shi za su kwana ba. Wuta ya tambaye ni, na ba shi amsar wuta. Ya fi rabin awa a kujerar nan, har shayi muka sha, bakina bai furta kalmar damina ba.

Na ba kaina dalilai masu kyau a ranar. Na ce ba a shiga tsakanin ɗa da uba. Na ce kyauta ce ta ɗan fari, in na kushe ta na kunyata yaron a idon mahaifinsa, kuma Alhaji ba shi da bakin da zai kira shi su daidaita. Duk gaskiya ne. Amma babbar gaskiyar ita ce so nake yaron ya gani da idonsa, ya dawo ya durƙusa. Na san ni kaɗai ne bakin da ke tsakaninsu, kuma na rufe shi da gangan.

Janairu ya zo, Alhaji da Hajiya suka tafi. Kwana goma suka yi a can, aka yi ruwa a tara. Hajiya Rabi ce ta ba matata labari, sauran kuma na ji daga bakin Alhaji. Tekun da aka nuna musu shuɗiya a hoto suka tarar da ita ta yi jajir tana ta hauka, ba mai zuwa kusa. Dutsen kuwa ko ƙeyarsa ba su gani ba, gajimare ya rufe shi tun daga ranar da suka sauka har suka taso. Ga zafi mai danƙo, wanki ba ya bushewa, talabijin ba ya jin Hausa. Fita ɗaya Alhaji ya yi ta kirki, sallar Juma'a, ya dawo sharkaf. Sauran kwanakin a bakin taga ya yi su, yana kallon ruwan da a Mahuta za a yi sadaka a kansa yana zuba cikin teku a banza.

Da ya dawo ya zo gaishe ni, ya kawo mini ƙullin kanumfari tsaraba. Ya ce, "Isiya, wannan shi ne hutun da ake ta faɗi? Ruwa a sama, ruwa a ƙasa, mutum a ɗaki kamar mai jego. Ai kurkuku ne da kuɗinka." Bai zargi kowa ba, cewa ya yi Allah ne ya kawo ruwa. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni. Na fi wata ina ba da labarin injiniyan Abuja da ranin Janairu a majalisa, ana ta ƙyaƙyatawa. Wasunku ma a nan kun ji shi a bakina, sai dai iya nan kuka ji.

Da ruwan farko ya sauka a nan, Bashir ya kira ni. Wannan karon sai da ya gaishe ni sau uku. Ya ce, "Baba, don Allah ku yi haƙuri da abin da ya wuce. Wannan na Agusta da kuka faɗa, a yi shi, ko nawa ne." Abin da nake jira ke nan, kuma ya zo. Na zauna na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na samo masauki a ƙasa, ba matakala ko ɗaya, taku kaɗan zuwa masallaci. Na samo wani malami can da ya yi karatu tare da 'yan Najeriya, yana ɗan jin Hausa, zai riƙa zagawa da su a mota. Na samo mai gonar kanumfari da ya yarda ya karɓi baƙo. Kujerun jirgi kusa da bayan gida saboda Hajiya, abincin mai hawan jini, maganinsa a jakar hannu da takardar likita, har ranar da za a gama huɗa a gonarsa sai da na tambayo. Ku nemo mini wayar da za ta yi wannan, in sayar da ofis in saye ta.

Na hau mota na tafi Mahuta da kaina. Na same shi a gona, rana tsaka, yana bin bayan masu zuba taki yana nuna musu inda suka tsallake. Na ja shi inuwa na kwashe bayani kaf na faɗa masa, na ƙawata maganar kanumfari iya iyawata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "An ce in huta, na huta. Na cika wa likita alkawarinsa tun Janairu. Yanzu in bar masara tana shirin goyo in koma in zauna a ɗaki ina kallon ruwa? Sau ɗaya ake yi wa mai hankali, Isiya." Na rantse masa yanzu can rani ne. Ya yi dariya ya ce wancan karon ma ai rani aka ce masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na koma sau biyu, na tura limaminsu, na tura ƙaninsa, duk a banza. Manomi irin Alhaji sau ɗaya ake iya raba shi da gida da daɗin baki, kuma wannan ɗayan an riga an ƙone shi.

A cikin Agusta tsutsa ta faɗa wa masara. Kwana uku ya yi a tsaye cikin rana a kan masu feshi, ranar na uku ya faɗi tsakanin kunya da kunya. 'Yan ƙwadago ne suka ɗauko shi a amalanke zuwa bakin hanya. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Rai da lafiya na Allah ne, ban ce tikiti yana tare ƙaddara ba. Amma takardun da na shirya suna cikin durowata, kuma na san ranar da ke jikinsu. A ranar da ya faɗi, da kwanansa shida ke nan a tsibirin.

Sai da aka sallamo shi daga asibiti da mako biyu na iya zuwa dubiya. Na tarar an shimfiɗa masa katifa a zaure. Bashir ya ɗauki hutu ya dawo gida, shi ke ɗaga shi, shi ke juya shi, ciwo ya kawar da kunyar da aka shekara arba'in ana yi. Da ya gan ni ya gaishe ni, ya tashi ya fita ya ba mu wuri. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce mini a hankali, "Baba, na faɗa mashi laifina ne. Na ce kun gargaɗe ni tun farko, ni ne na ƙi ji." Yaron yana ganin wanke ni ya yi.

Na zauna a gefen katifa na yi masa sannu. Ya daɗe yana kallona da idon nan guda da ke buɗewa sosai. Maganarsa a hankali take fita, sai ka kasa kunne.

"Isiya. Ashe ka san da ruwan."

Na ce, "Na sani, Alhaji."

"Ranar da na zo, muka sha shayi?"

Na ce, "Tun kafin ranar."

Ya yi ta ƙoƙarin haɗiye yawu. Na so in kawo maganar ɗa da uba, na ji ba za ta fito ba.

Ya ce, "Shi a ofis ya girma, bai san damina ba. Ni manomi ne. Da ka ce mani damina suke, ai ba sai ka ƙara komai ba."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Na tashi zan tafi, har na sa takalmi ɗaya, sai na ji ya sake kiran sunana. Fasfonsa a wurina yake zama tun tafiyarsa ta farko, in ya mutu in sabunta, in mayar durowa, fasfon nan bai taɓa kwana a Mahuta ba. Mutumin da yanzu ko ƙofar gida sai an ɗauke shi, ba inda za shi kuma har abada.

Ya ce, "Ka aiko mani da fasfona."

Washegari na sa shi a ambulan na ba direban motar Mahuta, don ban iya kai shi da hannuna ba.